Manomin Hoto

Sau ɗaya a shekara Yaya yake noma, kuma nomansa ba ya wuce hoto guda. Idan masara ta kai ƙugu ta yi kore shar, sai ka ga motarsa ta tsaya a gindin tsamiyar bakin titi. Ya fito cikin fararen kaya yana ƙamshin turare, ya buɗe but ɗin motar, ya ɗauko malfa da fartanya. Malfar tana nan da takardar farashinta a manne, fartanyar kuwa ƙotarta fes, ba ta san gumin hannu ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗan shiga masarar da ke bakin titi daidai inda laka ba za ta taɓa masa takalmi ba, ya saɓa fartanya, ya washe baki. Malamin gona, wanda abokinsa ne, ko fitowa daga mota ba ya yi, ta taga yake miƙo waya ya ɗauka. Shi ke nan, Yaya ya gama aikin damina. Bayan 'yan makonni tallafin da gwamnati take ba manoma ya faɗa asusunsa, domin ƙa'idar ita ce wanda fuskarsa ta fito a gona shi ne manomi.

Ni ce autar gidan, kuma ni ce a cikin gonar tun daga shara har girbi, amma fuskata ba ta taɓa fitowa ba. Da mijina ya rasu na dawo gida wurin Inna, na tarar Baba ya fara kwanciyar ciwon da bai tashi ba. Ya bar mana gona, da garma, da shanun huɗa biyu, Goshi mai farin tabo a goshi da ɗan'uwansa Gajere. Gadon ba a raba ba, don Inna ta ce ba mai raba mata gida tana raye. Da aka fara zancen tallafi, Yaya ya ce shi ne babba, shi ya san kan ofis, mu bar masa. Muka bar masa. Abin da yake iso mu a kowace shekara shi ne katan ɗin madara da sabulun wanka, ya ajiye gaban Inna, ta yi ta sa masa albarka har sai na tashi na bar ɗakin.

Akwai maganar da Yaya ba ya gajiya da faɗa, ko a gidan biki ko a gidan rasuwa. "Ni ban ci sisin kowa ba a gidan nan. Gwamnati ce ta ga ƙwaƙwalwa, ta ba ni tallafin karatu." Yana faɗa yana ƙwanƙwasa kansa da yatsa.

Ƙarya ce, amma shi bai san ƙarya ba ce. Ba gwamnatin da ta san da zamansa. Shekarar da ya ci jarrabawar babbar makaranta, Baba ya yanki gefen gonarmu na bakin titi, wurin da ya fi ko'ina ƙasa mai kyau, ya sayar wa maƙwabcinmu, wani tsohon soja da kowa yake kira Kofur. Ina yarinya na tsaya ina kallo Baba ya haƙa lambatu a tsakani, daga titi zuwa lambatu na Kofur, daga lambatu zuwa rafi namu. Da muka koma gida ya zaunar da ni da Inna ya ce, "Amana ce na ba ku. Kada yaron nan ya taɓa ji. Mai zuciya ne, in ya ji zai watsar da karatun. Ku ce gwamnati ce." Da Yaya ya gama ma Baba bai yarda a faɗa ba, ya ce a bar shi ya riƙa tafiya kansa a sama. Ni kuwa karatuna a firamare ya tsaya, don ba sauran abin yanka.

To, Yaya tun da ya tafi makaranta bai ƙara taka gonar ba sai da hoto ya kawo shi. A kansa gonar ubansa tana nan yadda ya san ta yana yaro, daga tsamiya har rafi. Kofur masara yake shukawa, ni ma masara, lambatun kuma in ba ka sani ba sai ka ce hanyar ruwa ce. Wato duk shekarun nan, cikin masarar Kofur Yaya yake tsayawa yana murmushi.

Shi kuma Kofur yana can yana sintiri a ofishin tallafi. Wayar da ake ɗaukar hoton da ita tana riƙe daidai wurin da aka tsaya, saboda haka duk lokacin da ya je sai a duba na'ura a ce masa gonar nan ai tana da mai ita, an riga an biya. Ya ce a faɗa masa suna, a ce ba a faɗa. Kofur mutum ne da ya taɓa kai surukinsa ƙara a kan akuya ta ci masa wake. Kullum yana rantsuwa a bakin kasuwa cewa ranar da ya kama ɓarawon zaunen da yake cin haƙƙinsa, sai an kira motar asibiti. Na daɗe da gane inda abin ya dosa. Na faɗa wa Inna, ta ce in kama bakina, na kama.

Bara ce ta ɓata komai. Ruwa ya yi kyau, shuka ta fito, amma da masara ta kai gwiwa sai ganyen ya fara rawaya tun daga ƙasa. Taki take so, kuma taki ba ya jira. Na shiga mota na je birni wurin Yaya. Aikinsa dillancin filaye da gidaje, abin dariya, mutumin da yake nuna wa mutane iyakar filayensu. Ofishin sanyi kamar cikin randa, kujerun fata, ga wani ƙaton hoto a bango cikin firem mai ruwan zinariya: Yaya da malfa da fartanya, cikin masarar Kofur. Ina zaune ya nuna wa wani baƙo shi ya ce, "Gonata ke nan, can nake hutawa."

Da baƙon ya fita na ce, "Yaya, masara tana mutuwa. Na san tallafin ya fito, kowa ya karɓa. Ko rabi ka ba ni in sayi taki."

Ya jingina da kujera ya ce, "Auta, ke matsalarki ba ki san yadda abubuwa suke tafiya ba. Tallafi na mai gona ne. Ke kina noma kina ci, na taɓa tambayar ki buhu ɗaya?"

Na ce, "Inna ce take cin buhun, Yaya."

Ya ce, "Kada ki kawo mini Inna. Kowa ya tsaya da ƙafarsa. Ni nan da kike gani na, ban ci sisin kowa ba a gidan nan." Ya ƙwanƙwasa kansa.

Maganar ta zo mini har kan harshe. Wallahi na ji ɗacinta. Na dubi hoton, na dube shi, na tuna Baba cikin lambatu laka har gwiwa, na haɗiye. Ya zaro kuɗin mota ya miƙo mini, ya ce in gai da Inna.

Goshi na sayar. Dillalin shanun ya rantse mini cewa wani manomi ne zai saya ya yi huɗa da shi, shi ya sa na sakar masa igiyar. Kasuwa ta gaba na bi ta layin mahauta, sai ga kan sa a kan tebur, ƙudaje suna bi, da farin tabon nan a goshi. Sa ne da Baba ya yi rainonsa tun yana maraƙi, wanda yake sanin takuna tun daga ƙofar gida. Ban yi kuka a kasuwa ba. Na dawo gida na tarar Gajere yana ta kuka a turke yana duban wurin da ɗan'uwansa yake kwanciya, sai na zauna a ƙasa na taya shi. A nan na yi wa kaina alkawari cewa sai Yaya ya ɗanɗana, kuma ban nemi Allah ya cire mini abin daga zuciya ba. Na bar shi a ciki ina ba shi ruwa.

Bana da aron sa na yi huɗa. Na haɗa Gajere da wani dogon sa da ba su san juna ba, karkiya ta karkace, kunyoyin suka fito kamar tafiyar maciji. Na san in taki ya sake gagara ta, Gajere ne zai bi ɗan'uwansa, daga nan kuma noma ya ƙare mini.

Sai aka canja tsari. Aka ɗauke malamin gona, aka ce hoto kaɗai ba ya isa. Yanzu masu awo za su zo, manomi ya zagaya iyakar gonarsa da ƙafarsa, waya tana auna, ya kuma faɗa da bakinsa cewa tasa ce kuma shi yake noma ta. Wanda aka auna da shi, shi za a riƙa biya daga yanzu. Yaya ya kira ni yana fara'a, ya ce Laraba za su zo, in share hanya, in kuma tsaya kusa ko za a buƙaci ruwan sha.

Inna ta ji wayar. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Auta, ki ja shi gefe ki ce ya fara daga lambatu. Ba sai kin faɗi dalili ba."

Na ce, "In ya tambaye ni dalili fa, Inna? Ƙarya zan yi masa, ko amanar Baba zan ci?"

Ta daɗe tana kallo na. Ita ta haife ni, ta san abin da ta gani. Ta ce, "Ɗan'uwanki ne fa."

Na ce, "Na sani. Shi ne bai sani ba."

Ana gobe za a zo na bi ta gidan Kofur. Na same shi a ƙofar gida ya kwance injin feshi yana zagin wanda ya ƙera shi. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "'Yar maƙwabci, lafiya? Ko shanunki sun shiga mini gona ne kika zo ba da haƙuri?"

Na ce, "Sa ɗaya ya rage mini, Baba Kofur, kuma a ɗaure yake. Na zo ne in ce gobe da hantsi masu awo za su zo wajenmu."

"To ni ina ruwana? Ni ai an ce gonata tana da mai ita."

Na ce, "Ni dai in ni ce kai, gobe zan je duba masarata. In zauna daga ciki, inda ba a gani na daga titi."

Ya ajiye sukudireba. Ya dube ni da jajayen idanun nan nasa, bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara ba. Ban ambaci sunan kowa ba, kuma ban ci amanar kowa ba.

Laraba da hantsi motar Yaya ta tsaya a gindin tsamiya, ta masu awo a bayanta. Mai awon wata matashiya ce da takalmin roba har gwiwa, ba ta da yawan dariya. Yaya ya buɗe but ya yi shigarsa, malfa da fartanya, ya yi mata barkwanci, ba ta amsa ba. Ta ce ya tsaya a kusurwar da gonarsa ta fara. Ya taka ya tsaya a wurinsa na kullum, cikin masarar Kofur.

Daga nan ya waiwayo ya dube ni. Ban san me ya gani a fuskata ba, amma sai ya ce, "Auta, daga nan ne ai, ko?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya, in ce matsa gaba, da ya tsira. Na ga teburin mahaucin nan a idona. Na gyara riƙon jarkar ruwan da ya ce in kawo, na ce, "Kai ne mai gona, Yaya. Ni wa ce da zan nuna maka gonar ubanka?"

Ya yi dariya, ya ji daɗi. Mai awo ta ɗaga waya ta ce, "Malam, ina ɗaukar maganarka. Wannan gonar da kake tsaye a ciki taka ce?"

"Tawa ce, gadon mahaifina. Daga tsamiyar nan har rafi."

"Kai kake noma ta?"

"Da hannuna." Ya ɗaga fartanya.

"Kai ka karɓi tallafinta a shekarun baya?"

"Ni ne, ba fashi."

Masara ta motsa a bayansa. Kofur ya fito daga tsakanin kunyoyi da tsohuwar rigarsa ta soja, ganye a kafaɗa, kamar wanda ya kwana a wurin. Bai yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Maimaita. Ban ji na ƙarshen ba sosai."

Yaya ya ce, "Baba Kofur, ina kwana. Aiki muke yi, in mun gama ma gaisa."

Kofur ya cafki wuyan farar rigar nan da hannu ɗaya, malfa ta faɗi ƙasa. "Ashe kai ne. Shekara da shekaru ina cin takalmi a hanyar ofis, ana ce mini gonata tana da mai ita. Ashe ɗan maƙwabcina ne yake tsayawa cikin gumina yana washe haƙora."

"Gonarka? Tsoho, ka rikice ne? Gonar ubana ce, a nan na yi wasa ina yaro!"

"Ta ubanka ce, har ranar da ya sayar mini. Daga titi zuwa lambatun can. Ga mutane da rai da aka yi a gabansu."

Yaya ya fizge rigarsa ya yi wata dariya ta borin kunya. "Baba ya sayar da gona? Ya yi me da kuɗin?"

Kofur ya tsaya yana kallon sa. Shi ba wanda ya taɓa ce masa sirri ne. Ya ce, "Au, tambaya ta kake yi? Makarantarka ya biya, sakarai. Da hawaye ya karɓi kuɗin nan a zaurena, ya ce ɗansa ya ci jarrabawa ba shi da abin kai shi. Kana tsammani daga sama karatun ya faɗo?"

Yaya ya ce, "Gwamnati ce ta..." Bai ƙarasa ba. Hannunsa ya ɗan tashi zuwa kansa, ya tsaya a hanya, ya sauka. Ya juyo wurina. Na tsaya ƙyam na dube shi ido cikin ido. Na ga lokacin da abin ya shige shi, na ga fuskarsa ta zube, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har tafin ƙafata.

Mai awo ba ta sauke wayar ba sai a lokacin. Ta ce maganarsa ta shiga, za a cire shi daga tsarin, kuma ofis zai neme shi a kan abin da ya karɓa da sunan gonar wani. Sannan ta nuna ƙetaren lambatu ta ce, "Wancan gefen fa, wa yake noma shi?"

Kofur ya nuna ni da haɓa. "Ita nake gani a ciki, rani da damina. Ko a kotu zan faɗa."

Ta miƙo mini wayar ta ce in zagaya. Na ajiye jarkar ruwan a gaban Yaya, na tsallake lambatu, na bi iyaka ta gefen suri, na gangara rafi, na dawo ta jikin aduwa. Da ta ce in tsaya a ɗauki hoto, ta ce ko zan ɗan yi murmushi. Na ce ta ɗauka haka nan.

Da na koma gida na tarar da takalmansa a ƙofar ɗakin Inna, sun yi kaca-kaca da laka. Yana zaune a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba, Inna tana gefen gado tana share ido da bakin mayafi. Ya riga ya tambaye ta, ta riga ta amsa. Ba ta dube ni ba da na shiga, kuma ta yi makonni ba ta kira ni Auta ba, sai dai ke.

Ya ɗago ya ce, "Kin sani. Ranar da kika zo ofis ma kin sani."

Na ce, "Tun ina yarinya."

"Ɗazu na tambaye ki a gaban mutane. Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Na ce, "Baba ya ce kada a faɗa maka, Yaya. Amana ce. Na riƙe ta lokacin da take yi maka daɗi, ban ga dalilin sakin ta yau ba."

Ya ce, a hankali, "Wancan sa da kika sayar, nawa ne? Zan saya miki wani."

Na ce, "An cinye shi."

Ya tashi ya zura takalmansa da lakarsu ya fita. Na ji motar ta daɗe a kunne kafin ta ja.

Da yamma na koma gona ɗauko jarkata, sai na ga malfar da fartanyar yashe a gindin tsamiya. Na ɓare takardar farashin na kifa malfar a kaina, ta yi mini daidai. Fartanyar ma na juya ta, ƙarfe ne mai kyau, duk shekarun nan ba ta taɓa ganin ƙasa ba. Washegari na kai ta gona na nuna mata.